Yadda Makiyayi Zai Kare Dabbobinsa da Masu Shan Nono Daga Dafin Biraken

Biraken tsiro ne marar fure, mai ganye kamar gashin tsuntsu, wanda ya mamaye tuddan kiwo na Birtaniya, musamman a Sikotilan da Wales. A shekarar 1983 masu bincike a Japan suka ware dafin da ke cikinsa, wato takwilosaid, mai lalata ƙwayoyin halitta, kuma hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya tsiron cikin rukunin 2B, na abubuwan da ka iya jawo wa ɗan Adam ciwon daji.

Matakin farko shi ne hana yunwa kai dabba ga tsiron, domin galibi shanu ba sa cinsa sai ciyawa ta yi ƙaranci. A kiyaye lokacin da sabon toho ke fitowa a nannaɗe, saboda a nan dafin ya fi yawa, kuma kada a mayar da garke filin da aka sare ko aka huɗe sai an kwashe ganyen da ya yi yaushi da saiwoyin da garma ta tono. A riƙa duba fitsarin shanu kowace safiya. Jini a fitsarin saniyar da ta daɗe tana kiwo a irin wannan fili na iya zama alamar ƙari a mafitsara, tumaki kuwa makancewa suke yi, kuma dukansu biyun na buƙatar likitan dabbobi ba tare da jinkiri ba.

Abin da ya fi damuna shi ne nono, tunda dafin yana ratsawa cikinsa, kuma yara ne suka fi sha. Shawarar hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya ita ce a raba dabbar da ta ci tsiron da shi na aƙalla kwana 15 kafin a yanka ta, nononta kuma a zubar da shi na wasu kwanaki. A ganina, riƙe saniya mako biyu asara ce ƙarama idan aka auna ta da lafiyar masu saye.

Feshi ya zama da wuya, domin Tarayyar Turai ta ƙi amincewa da asulam, maganin feshi da ke kashe biraken, a 2011, kuma Sikotilan ta ƙi sabunta izinin gaggawa na amfani da shi a 2023. Ɗaya daga cikin hanyoyin da suka rage ita ce sara sau biyu a shekara, a tsakiyar Yuni sannan bayan mako shida, na aƙalla shekara uku, har saiwar ta raunana. Mai aiki a ƙarshen bazara ya sa takunkumi saboda ƙurar irin da ke tashi daga ƙarƙashin ganyen, mai rijiya ko maɓuɓɓuga a gindin tudu kuma ya sani cewa ruwan sama yana wanko dafin zuwa cikin ƙasa.