Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen salansar motar shiga daji, da yadda ake gyara su

Duk wanda yake bin hanyoyin ƙauyukan jihar Maraɗi da mota kat-kat, ko ya nufi arewacin Dakoro da Bermo, ko ya ratsa rairayin Mayahi, ko ya gangara Gulbin Kaba ranar kasuwa, ya san cewa abin da ke ƙarƙashin mota ne ya fi shan wahala. Ana kula da tayoyi da shokazoba da sifirin, amma salansa ba a tunawa da ita sai ranar da ta fara ƙara ko ta faɗo tana jan ƙasa. A ranar kuwa akan sayi duk wadda aka samu cikin gaggawa, kuma daga nan yawancin kurakuran suke farawa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaɓen salansa da kunne. Matasan direbobi da dama suna ɗauka cewa idan mota tana ruri to ƙarfinta ya ƙaru, don haka sai su sa a farke tukunyar salansa a cire abin da ke ciki, ko a maye gurbinta da miƙaƙƙen bututu. Tukunyar salansa iri biyu ce a mafi yawan motoci. Akwai mai ɗakuna, wadda hayaƙi ke zagayawa tsakanin farantan ƙarfe har ƙarar ta mutu, akwai kuma mai bututu guda mai ƙananan huji, wanda aka naɗe da wani abu mai kama da auduga da ke shanye ƙara. Ta biyun ta fi barin hayaƙi ya wuce da sauƙi, amma ta fi ƙara, kuma idan audugar ta ƙone ƙarar sai ta ninka. A injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska da ƙarfin hayaƙi, kamar 1HZ mai lita 4.2 na Land Cruiser ko 5L mai lita 3.0 na tsofaffin Hilux, abin da ake samu daga farke salansa kaɗan ne ƙwarai, abin da ake asara kuwa yana da yawa. Direban da ya yi awa biyar cikin gunjin da ke cika ɗakin mota yakan sauka da ciwon kai da gajiya, kuma ba zai ji ƙarar da ya kamata ya ji ba, kamar ta noti da ya kwance ko sifirin da ya karye. Ga kuma dabbobin makiyaya da ke firgita idan an ratsa su. Gyaran wannan shi ne a mayar da tukunya mai ɗakuna daidai da girman injin, ko kuma, idan injin mai turbo ne irin 2KD ko 1KD, a sa mai bututu guda amma doguwa, domin turbo da kansa yana rage wani ɓangare na ƙarar.

Da wannan ake haɗa kuskuren faɗin bututu. Ana auna bututun salansa da inci ko milimita: inci 2 kusan milimita 51 ne, inci 2.5 kusan 63, inci 3 kuwa kusan 76. Wasu sukan ɗora bututu mai inci 3 a kan ƙaramin inji marar turbo, suna zaton mota za ta ƙara shaƙar iska. Abin da ke faruwa shi ne hayaƙi ya rage gudu a cikin bututun da ya fi ƙarfinsa, sai mota ta rasa wani abu na jan da take yi lokacin da inji ke juyi a hankali, alhali wannan jan shi ne abin da ake buƙata a cikin yashi da laka. Akasin haka ma yana faruwa, wato a ɗauko tukunyar ƙaramar motar gari a liƙa wa kat-kat don ta fi araha, sai hayaƙi ya rasa hanya, inji ya riƙa zafi, mai ya riƙa tafiya. Kafin a je wurin mai kayan gyara, a auna faɗin bututun motar na asali, a kuma nemi tukunyar da bakinta na shiga da na fita suka yi daidai da shi.

Inda na fi son mai karatu ya tsaya da kyau shi ne maganar wurin da salansa take zama, domin a nan na taɓa yin asara. Wata shekara na sayi tukunya mai kyau, zagayayya, mai kauri, mai walda ya ɗaura ta cikin rabin yini, na biya na tafi ban leƙa ƙarƙashin motar ba. Bayan mun bar kwalta a arewacin Dakoro muka shiga hanyar da manyan motoci suka haƙe, sawun tayoyi biyu masu zurfi da tudun yashi a tsakiya. Ba mu yi nisa ba na ji ƙasan motar yana gugar tudun, can sai wani kututture da yashi ya rufe ya daki tukunyar, bututun ya lanƙwashe a gabanta. Motar da take hawa tudu ba tare da wahala ba sai ta koma nishi, allurar zafi tana hawa. Da muka dawo Maraɗi na kai ta wurin wani dattijon makanike, ya sauka rami da fitila, ya aza sanda daga ƙarfen shasi na dama zuwa na hagu, sai ga tukunyar ta sauko ƙasa da sandar da kusan faɗin tafin hannu. Ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, tukunyar ba ta da laifi, wurin zamanta ne ba daidai ba. Duk abin da ya sauko ƙasa da shasi, daji zai karɓe shi." Tun daga ranar nake neman tukunya mai shimfiɗaɗɗen jiki, wadda ke shigewa tsakanin ƙarafan shasi, kuma ba na biyan kuɗin aiki sai na shiga ramin da kaina.

A wurin ɗaurawar akwai abin da ba ya bayyana idan mota tana tsaye a fili. Tayoyin baya da ƙarfen da ke riƙe da su suna hawa da sauka sosai idan an shiga kwari ko an ɗora buhunan gero da wake, don haka bututun da ya ratsa samansu yana buƙatar sarari fiye da yadda ido ke gani. Ya kamata a gwada motar da kaya a kanta, a kuma ɗora taya ɗaya a kan tudu, a duba ko bututun yana taɓa shokazoba, ko tiyon birki, ko tankin mai, ko safaya. Zafin salansa yana iya narkar da roba da wayoyi, don haka farantin ƙarfen da kamfani ya sa tsakaninta da jikin mota ba abin yarwa ba ne, ko da yana kaɗawa. A ɗaure shi, kada a cire shi.

Haka nan masu walda da yawa, cikin kyakkyawar niyya, sukan liƙe salansa da shasi kai tsaye don kada ta sake faɗuwa. Wannan shi ne abin da ke karya ta. Inji yana girgiza a kan robobinsa, bututu yana ƙara tsawo idan ya yi zafi, shasi kuma yana murɗawa a hanya marar kyau, saboda haka idan babu inda salansa za ta motsa, sai ta tsage a bakin walda ko ta fasa manifol ɗin inji, wato ƙarfen da ke tattara hayaƙi daga inji zuwa bututu, wanda gyaransa ya fi tsada nesa ba kusa ba. Robobin rataye su ne maganin wannan, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. A canza su duk lokacin da aka canza tukunya, a ajiye biyu ko uku a mota tare da waya mai kauri. Idan motar tana da ɗan bututun nan mai saƙa da ke lanƙwasuwa kusa da inji, kada a yarda a yanke shi a sa sandararre. Kafin a fara walda kuma a cire kan batir, a kuma kare tankin mai daga tartsatsi.

Game da irin ƙarfe, abin lura kaɗan ne. Baƙin ƙarfe marar rufi ya fi araha kuma ya fi saurin tsatsa, wanda aka shafe da alminiyom ya fi shi daɗewa, ƙarfe marar tsatsa kuwa ya fi duka. A marar tsatsan, iri biyu ne suka fi yawa, 409 da 304. Maganaɗisu yana kama na farko sosai, na biyun kuwa da ƙyar yake kama shi, kuma shi ya fi jure ruwa. Ƙyallin fenti ba ya nuna komai. Mai sayen kayan Baljiyam ya girgiza tukunyar ya saurara, idan ya ji abu yana kaɗawa a ciki to farantan sun saki, ya kuma danna ƙasanta da yatsa, domin daga ciki take fara ruɓewa, inda ruwan da ke cikin hayaƙi yake taruwa a motar da ba ta yin doguwar tafiya.

Akwai kuskuren da ya wuce asarar kuɗi. Ana yanke bututun wutsiya a bar hayaƙi yana fita a ƙarƙashin bodi, ko a bar ƙaramar ɓula ana cewa ba ta hana tafiya. A cikin hayaƙi akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma injin fetur ya fi na gazuwal fitar da ita. Tana shiga ta hujin ƙasan mota ko ta ƙofar baya, ta sa ciwon kai da jiri da barci, tana kuma kashewa. Motocinmu suna ɗaukar mutane a baya, har da mata da yara, wani lokaci a ƙarƙashin tamfol. Dole ne bakin bututun ya fita waje da jikin mota, ta baya ko ta gefe bayan taya, kuma duk wurin da aka ga baƙin toka a mahaɗar bututu a san cewa yana yoyo, a canza gaskit ɗinsa.

Da kaka, bayan ciyawa ta bushe, haɗarin ya koma na gobara. Ciyawa da karan gero suna maƙalewa tsakanin tukunya da farantin kariya, kuma motocin fetur masu matatar hayaƙi ta katalizar sun fi zafi a wannan wuri. Kada a tsaya a kan doguwar busasshiyar ciyawa da inji mai zafi, kuma duk tsayawa a leƙa a zare abin da ya taru da sanda, domin gobarar daji a makiyayar arewa tana cinye abincin dabbobi na shekara guda. Da damina kuwa, idan za a ratsa ruwa a Gulbin Maraɗi ko wata ƙorama, a ɗan jira salansa ta huce, saboda ƙarfe mai zafi da ya faɗa ruwan sanyi yakan tsage a bakin walda, kuma kada a kashe inji bakin bututu yana cikin ruwa. Bayan an fita a wanke lakar da ta manne a saman tukunyar, domin tana riƙe damshi, kuma a nan tsatsa take fara cin ƙarfen ta waje.