Yadda Ake Ɗan Wake Ba Ya Narkewa

Tun ranar da na aika wa maƙwabta ɗan wake a nan Ƙofar Marusa, matan unguwa ke ta aiko yara su tambaye ni yadda nake yi. To, 'yan uwa, ga shi.

1. Ki jiƙa 'yar kanwa a kofin ruwa, ki tace.
2. Ki tankaɗe garin wake gwangwani 2 da alabo gwangwani 1.
3. Ki zuba kuka cokali 2, ki gauraya.
4. Ki kwaɓa da ruwan kanwar kaɗan-kaɗan har ya yi danƙo. Hattara: kanwa in ta yi yawa, ɗaci zai yi.
5. Ki ɗora ruwa ya tafasa sosai.
6. Ki riƙa gutsura ƙanana kina jefawa. Nan ake ɓata shi: in ruwan bai tafasa ba, kunu za ki kwashe.
7. Kada ki rufe tukunya, kumfa zai zubo.
8. In ya taso sama, ki ba shi minti 10.
9. Ki tsame cikin ruwan sanyi.
10. Ki zuba man gyaɗa soyayye da albasa, ki barbaɗa yaji. Ni dai sai da dafaffen ƙwai nake ci.