Yadda ake gwada injin faks kafin a kai wa mai gyara

Da yawa daga injinan faks da ake ɗaukowa daga ofisoshin Apapa zuwa Computer Village da ke Ikeja lafiyarsu ƙalau, layin tarho ne ko takarda ke da matsala, ga kuɗin mota da wunin da aka ɓata a cunkoso. Saboda haka kada a fara gwaji da aika saƙo, domin idan bai tafi ba, ba za a san mai laifi ba tsakanin injin da layin.

A fara da saka takarda mai rubutu baƙi ƙirin, a danna maɓallin Copy. Wannan aikin ba ya buƙatar layi, don haka idan kwafin ya fito tsaf, ɓangaren da ke karanta takarda da wanda ke bugawa duka suna aiki. Idan baƙin zane ya ratsa shafin daga sama zuwa ƙasa, datti ne a kan siririn gilashin da ke ƙarƙashin murfi, sai a goge shi da ƙyalle mai laushi.

Idan kuwa kwafin ya fito fari fat, a dakata. A nan na taɓa ɓata kwana biyu ina zargin injin, alhali naɗin takardar na saka a juye. Injinan da ke amfani da takardar naɗi ba su da tawada, zafi ne ke fitar da rubutu, kuma fuska ɗaya kawai ta takardar ke karɓar zafin. A karce ta da farce, fuskar da ta yi baƙin tabo ita ce za ta kalli kan da ke bugawa. Haka nan a duba ƙaramin hoton da ke bakin injin, wanda ke nuna ko rubutun takardar da ake kwafa zai kalli ƙasa ko sama. Danshin Legas kuma, musamman da damina, yana sa takardu su manne wa juna, shi ya sa ba na yarda da takardar da ta kwana a buɗe.

Bayan haka sai layi. Wayar da ta fito daga bango ramin LINE take shiga, ba na EXT ba. A ɗaga kan tarhon a saurari amon layi, sannan a kira lambar daga wayar hannu, a tuna cewa lambobin Legas da ke farawa da 01 sun koma 0201 tun farkon 2024. Idan injin ya amsa da ƙara mai tsini, yana karɓar kira.

Sai a aika shafi ɗaya zuwa wani ofishin da aka sani, a duba ko rahoton da injin ke bayarwa bayan aikawa ya nuna OK, a roƙe su su maido da shi. Idan yana yankewa a tsakiya, musamman a layin da ke bi ta intanet, a shiga saitin injin a rage gudun aika saƙo daga 33,600 zuwa 9,600 a sake aikawa.