Darasi na Tara: Yadda Sauti Ke Ratsa Abubuwa

Ka taɓa hango mata suna sussuka daga can bakin gona? Tabarya ta sauka a turmi, har an ɗaga ta, sannan ƙarar ta iso kunnenka. Kunnenka lafiyarsa lau. Sauti tafiya yake yi, tafiya kuwa sai da lokaci.

Ɗora yatsa a maƙogwaronka, ka ce "aaa". Karkarwar da ka ji ita ce asalin sauti. Haka fatar kalangu ke yi idan an buga. Karkarwar ta tura iskar da ke kusa, wannan ta tura ta gaba, har ta kai kunne. Shi ya sa can sararin samaniya, inda babu iska, sauti ba shi da abin da zai bi.

Da yawa cikinmu mun ɗauka a iska ya fi gudu, alhali a nan ne ya fi nawa. A iska yana cin kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya. A ruwa kusan mita 1,500 ne. A ƙarfe kuwa ya kai wajen mita 5,000, domin ƙwayoyin ƙarfe a riƙe suke da juna gam, da an taɓa ɗaya sai na kusa da shi ya amsa nan take. Tambayi masuntan kogin Haɗeja dalilin da ya sa ba sa son a ƙwanƙwasa jikin kwalekwale kusa da kifi.

Ku gwada wannan a gida tare da yara. A samo gwangwanin madara biyu, a huda gindinsu, a zura zare mai tsawo a ƙulle. Ɗaya ya kara nasa a kunne, ɗaya ya yi magana a hankali cikin nasa. Idan zaren ya miƙe tsam, magana za ta fito sarai. A sassauta shi, ko wani ya kama tsakiya da yatsu, sai a ji shiru.

Abu mai laushi kamar auduga, katifa ko ciyawa shanye sauti yake yi. Duk wanda ya bar ɗakin soro mai azara ya koma na kwano ya san haka: ruwan Agusta na saukowa, hira ta yanke. Silin ko tabarmi a ƙarƙashin kwanon suna rage ƙarar.

Abin da na fi so ku riƙe, musamman manoma da makiyaya, shi ne lissafin tsawa. Hasken walƙiya yana isowa nan take, ƙarar ce ke biyo baya. Da ka ga walƙiya, fara ƙirga daƙiƙoƙi har ka ji ƙarar tsawar. Kowane uku kimanin kilomita ɗaya ne tsakaninka da ita. Amma muddin kana jin tsawa, aradu na iya kai wa inda kake. Ajiye fartanya, kada ka fake a gindin bishiya, ka nemi gini ka shiga.