Kurakuran da marubuta ke yi a labarin cin zarafi a gida da rayuwa a ƙungurmin daji

Akwai wani irin labari da yake jan hankalin marubuta: iyali sun koma can nesa da mutane, maigidan yana dukan matarsa, 'yarsu tana girma tsakanin tsoron uba da tsoron dajin da ya kewaye su. Labari ne mai ratsa zuciya idan an iya shi. Na karanta rubuce-rubuce da dama irinsa tun kafin su kai ga ɗab'i, kuma kurakuran kusan iri ɗaya ne.

Mafi girmansu shi ne mayar da azzalumin dodo tun shafin farko. Ya shigo ido jawur, yana ashar, yana duka ba gaira ba dalili. Mai karatu zai ce, to me ta gani ta aure shi, me kuma take zaune yi? Da zarar ya yi wannan tambayar cikin haushi, ya fara ɗora laifin a kan matar ke nan, kai kuma ka rasa shi. A 1979 masaniyar halayyar ɗan Adam Lenore Walker ta bayyana yadda cin zarafi kan zagaya: zaman ɗar-ɗar ya taru, abin ya fashe, sannan nadama da lallashi su biyo baya. Ba kowane gida ne ke bin wannan tsarin daidai ba, amma labarinka yana buƙatar lallashin nan. Nuna mana shi da safe. Ya ɗora ruwa a wuta, ya tsuguna gabanta yana gasa mata kumburin ido da tsumma, hannunsa na rawa, yana cewa, "Ki yi haƙuri, wallahi ba zan ƙara ba." Yarinyar tana leƙe ta bakin ƙofa, zuciyarta na son ta yarda da shi. Wannan shafin ɗaya ya fi shafi goma na duka zafi, kuma shi ne zai fahimtar da mai karatu abin da ya ɗaure matar.

Wasu kuma, don gudun wannan kuskuren, sai su faɗa wani. Su ce mutumin tsohon soja ne da yaƙi ya taɓa, shi ke nan an wanke shi. Ciwon firgicin da ke biyo bayan tashin hankali gaskiya ne, likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka sun shigar da shi kundinsu na cututtuka a 1980, bayan yaƙin Biyetnam. Amma mafi yawan masu fama da shi ba sa dukan iyalinsu. Ka ba shi mafarkansa da zabure-zaburensa na dare, ba laifi, sai dai ka bar mu mu lura cewa bai taɓa ɗaga wa maƙwabci hannu ba, kuma idan baƙo na tafe yakan yi duka ne inda tufafi za su rufe. Mutumin da ya san inda zai doka ya san abin da yake yi.

Daga nan sai dajin kansa, kuma a nan na fi jin takaici. Marubuta da yawa ado suke yi da shi: duwatsu, tafki, faɗuwar rana, sannan a koma cikin gida a ci gaba da labarin kamar a tsakiyar gari ake. Alhali raba mace da danginta da ƙawayenta yana cikin makaman farko na mai cin zarafi, dajin kuma ya gama masa wannan aikin. Maƙwabci mafi kusa tafiyar sa'o'i ne. Babu waya. Makullin mota ko na kwalekwale yana aljihunsa. Idan ƙasar sanyi ka zaɓa, ka sani akwai wurare a arewacin Alaska da rana ba ta fitowa kusan wata biyu a jere, iyali na kulle a ɗaki ɗaya da mutumin da duhu ke ƙara dagula shi. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne suna buƙatarsa: shi ya iya farauta, shi ke sare itacen da zai raba su da mutuwa. Ka rubuta wannan dogaron, ka ga yadda labarin zai yi nauyi da kansa.

Sai ranar gudu. A nan ne rashin bincike ke tona asiri. Ana sa jaruma ta kwana biyar tana tunanin yunwa, alhali mutum kan yi makonni ba abinci, ƙishirwa ce ke kisa cikin 'yan kwanaki, sanyi kuwa cikin sa'o'i. Idan zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35 a ma'aunin Celsius an shiga haɗari. Jiƙaƙƙun kaya suna zuƙe ɗumin jiki da sauri, cin dusar ƙanƙara don kashe ƙishirwa yana ƙara sanyaya jiki, kuma idan wanda sanyi ya kama ya daina karkarwa bai samu sauƙi ba, abin ya tsananta ne. Kada ka ce "ta hura wuta" ka wuce. Ka tsaya a kan yatsun yarinyar da suka ƙi lanƙwasawa, ashana ta farko ta karye, ta biyu ta faɗa cikin dusar, saura uku a kwali, uwar kuma ta fara magana kamar mai maye.

Kada kuma ka tara musiba a kan musiba, gobara, naman daji, ɓari, karaya, duk a babi uku. Zuciyar mai karatu dakewa take yi. Jiran takun takalminsa a bakin ƙofa ya fi dukan kansa tayar da hankali.

Ƙarshen labarin ma ana yawan ɓata shi. Matar ta fita daga dajin, wani namiji mai kirki ya bayyana, komai ya warware. Masu aikin taimakon matan da aka ci zarafinsu sun daɗe suna cewa lokacin rabuwa yana cikin mafi haɗari, domin a lokacin ne azzalumi ke ganin iko na suɓuce masa. Saboda haka fitarta ta zama abin da ta shirya a ɓoye na tsawon watanni, sai ta yiwu ma ta taɓa gwadawa ta dawo. Bayan sun tsira kuma, ka bi yarinyar gaba kaɗan. Shekara goma sun wuce, tana ɗaki mai haske a cikin mutane, wani ya rufe ƙofa da ƙarfi, cokali ya suɓuce daga hannunta. Da dare kuma ta sami kanta tana kewar dajin, har da muryar uban lokacin da yake koya mata karanta sawun dabba a ƙasa.