Yadda ake ɗaukar bayanin wanda ya kuɓuta daga hannun 'yan ta'adda

Kafin tambaya ko ɗaya, a kai shi wurin likita. Idan an yi fyaɗe, ga mace ko namiji, maganin kariya daga HIV sai an fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki kuwa cikin kwana 5. Wanda ya daɗe da yunwa kada a cika masa ciki lokaci guda, domin sinadarin fosfet na jininsa kan faɗi, zuciya ta iya tsayawa.

Ka faɗa masa ko kai wane ne, inda bayanin zai je, da cewa yana da ikon ƙi ko tsayawa a tsakiya. Ban da alkawarin kuɗi ko shari'a. Ka bincika ko wani ya riga ka, don maimaita labari fama miki ne, kuma ɗan saɓanin da ke tsakanin bayani biyu shi lauyan wanda ake tuhuma zai riƙe.

Ya zauna kusa da ƙofa, ba a kulle ba, babu mai kaki ko bindiga a wurin. Tafinta kada ya zama ɗan uwansa. Akwai abin da mutum ba zai taɓa faɗa a gaban nasa ba.

Fara da "ba ni labari", ka bi da "sai me ya faru?" Tambaya irin "sun dake ka da waya, ko?" sa masa magana ne a baki, kuma ta ɓata shaidar. Wanda ya yi watanni a duhu lissafin kwanaki kan kuɓuce masa, kada ka matsa sai ya ba ka rana, zai ƙirƙiro ne don ya faranta maka. Tambaye shi ko ana ruwa ko sanyi a lokacin. Haka wuri: tsawon tafiya a mota, matakala nawa ya sauka, ƙarar da yake ji da dare, laƙabin masu gadi. A kowane batu ka raba abin da ya gani, da wanda ya jiyo ta bango, da wanda aka gaya masa.

Tabo kuwa, da izininsa, hoto uku: na nesa, na matsakaici, da na kusa da rula a gefe. Ƙa'idar Istanbul ta 1999, wato jagorar Majalisar Ɗinkin Duniya kan binciken azabtarwa, ta ce rashin tabo ba ya nufin ba a azabtar da mutum ba. Dukan tafin ƙafa sau da yawa ba ya barin alama.

Sa lamba a maimakon sunansa, takardar sunaye a ajiye ta daban. Sunayen waɗanda ya baro a tsare, in ya yarda, a miƙa wa ICRC, ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasa da ƙasa mai neman ɓatattu, kada su hau Facebook, don masu tsaron ma suna karantawa.