Yadda Za Ka Tantance Maƙala Kafin Ka Kafa Hujja Da Ita

Kullum 'yan ajin ƙarshe na zuwa ɗakin karatu da tambayar yadda za su gane maƙalar da za a iya dogara da ita, waya a hannu, lokacin miƙa aiki ya ƙure. Ga yadda nake nuna musu:

1. Buɗe Google Scholar, shafin Google na neman maƙalolin ilimi.
2. Rubuta muhimman kalmomin batunka, uku ko huɗu sun isa.
3. Taƙaita shekarun bincike zuwa goma da suka wuce.
4. Duba sunan marubucin da jami'ar da yake aiki.
5. Nemi sunan mujallar da ta buga maƙalar a AJOL (shafin da ke tattara mujallun ilimi na Afirka) ko DOAJ (shafin da ke jera mujallun ilimi na duniya da aka tantance).

Hattara a nan! Akwai mujallun da kuɗi kawai suke so, su buga maka komai cikin 'yan kwanaki babu wanda ya duba. In ba ka ga mujallar ba, tambayi ma'aikacin ɗakin karatu, don DOAJ mujallun da ake karantawa kyauta kaɗai take jerawa.

6. Karanta taƙaitaccen bayanin farko.
7. Sauke maƙalar, ka karanta ta duka.
8. Rubuta marubuci, shekara da shafi nan take.

Sunan maƙalar da ChatGPT ya ba ka kuwa, nemo ta da idonka tukuna, yakan ƙirƙiri wadda babu ita.